Yaya ake zana taswirar garin da ba ya zama wuri ɗaya?

Bilkisu Mai Zane ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa gwada zana taswirar wani ƙagaggen gari na shirin katun na barkwanci, domin na ɗauki watanni ina fama da taswirar Springfield, garin da ake shirin The Simpsons a cikinsa, kuma aikin ya zama mini tufka da warwara.

Da farko na ɗauka abin mai sauƙi ne. Na buɗe littafi na ware wa kowane gini shafi guda: gidan iyalin Simpson da ke lamba 742 a titin Evergreen Terrace, gidan maƙwabcinsu Ned Flanders, makarantar firamare, tashar makamashin nukiliya inda Homer, uban iyalin Simpson, ke aiki, kantin Kwik-E-Mart, mashayar Moe, coci, da dandalin tsakiyar gari inda mutum-mutumin Jebediah Springfield yake. Duk lokacin da na ga wani gini kusa da wani a cikin shirin, sai in rubuta lambar kashin da abin da na gani. Da shafukan suka fara cika ne na gane cewa bayanan suna ƙaryata juna. A wani kashi na 1991 an nuna shagon sayar da kayan kiɗa a jikin mashayar Moe, amma a fim ɗin da aka fitar a 2007 coci ne a gefenta. A wani kashi na 1995 Homer ya sha doguwar tafiya a mota cikin cunkoso kafin ya isa wurin aiki, sannan da ya ajiye motar a ƙarshen filin ajiye motoci na tashar, sai ga shi a bayan katangar gidansa. Hatta lambar gidan ba ta tsira ba, domin a zangunan farko an ambaci 94 an kuma ambaci 59 kafin a tsaya a kan 742.

Ga kuma batun ƙasar da garin yake kai. Akwai tashar jiragen ruwa a bakin teku, akwai hamada, akwai tsaunuka masu ƙanƙara, akwai ƙaton kwazazzabo, akwai daji da tafki, kuma duk ana isa gare su cikin ɗan lokaci.

Tambayata ita ce: idan kashi biyu suka saɓa, wanne ake bi? Shin akwai wata ƙa'ida da masu wannan sana'a suka yarda da ita, ko kuwa kowa yana bin abin da ya fi kwanta masa ne? Ina son in yi taswirar da mai kallon shirin zai duba ya ce lallai wannan garin ne, ba tare da na ƙirƙiro masa abin da ba a taɓa nunawa ba.

Malam Sa'idu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama Bilkisu. Matsalar da kika ci karo da ita ita ce matsalar duk wanda ya taɓa wannan aiki, kuma zai taimaka idan aka fara da sanin dalilinta, domin saɓanin ba ganganci ba ne daga masu shirin. Tun daga 17 ga Disamba 1989 ake nuna shirin a tashar Fox, kashe-kashensa sun haura 750, kuma marubuta da daraktoci da yawa ne suka yi ta karɓar aikin daga hannun juna. Kowane kashi yana ɗaukar watanni kafin a gama shi, ana tsara shi a Amurka, sannan a aika babban ɓangaren zanen zuwa kamfanoni irin su AKOM a Koriya ta Kudu. Abin da ake adanawa don kowa ya bi shi ne siffar gaban gini: launin mashayar, tagoginta, allon sunanta. Abin da ke hagu da dama da ginin kuwa, mai zanen bayan fage yakan cike shi da abin da wannan fitowar take buƙata. Cocin da kika gani a gefen mashaya a fim ɗin 2007 an ajiye shi can ne don wani barkwanci guda, inda tsoro ya sa mutanen coci suka ruga mashaya, na mashaya kuma suka ruga coci. Da barkwancin ya wuce, maƙwabtakar ma ta wuce.

Saboda haka ƙa'idar da nake bi ita ce ta rinjaye, amma rinjaye mai sharaɗi. Ina raba shaidu gida uku. Mafi ƙarfi shi ne abin da aka maimaita sau da yawa ba tare da an yi shi don ba da dariya ba, kamar kasancewar gidan Flanders a jikin gidan Simpson, wanda bai taɓa sauyawa ba domin labarai da dama sun dogara a kansa. Na biyu shi ne abin da aka gani sau ɗaya ko biyu a bayan fage, babu wanda ya yi magana a kansa. Wannan ina karɓarsa muddin bai ci karo da na farko ba. Na uku shi ne abin da aka yi shi don dariya kawai, kamar filin ajiye motocin da kika ambata, ko maganar da aka yi a wani kashi na 2002 cewa yankin yammacin Springfield ya ninka jihar Teksas sau uku. Irin wannan ba na sa shi a jikin taswira ko kaɗan.

Akwai wata sananniyar taswira da wasu masoya shirin su biyu suka haɗa a farkon shekarun 2000, wadda har yau ita ce ake yawan yaɗawa a intanet. Idan kika dube ta da kyau za ki ga sun shimfiɗa garin a kan tituna masu gilma juna, sun sa teku a gefe ɗaya, sun ratsa kogi ta ciki, sannan suka nema wa ɗaruruwan shaguna mazauni, har da waɗanda aka ga allon sunansu na daƙiƙa biyu kacal. Babu shakka sun yanke hukunci a wurare da yawa da shirin bai ce komai ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin taswira ba ta yiwuwa sai an yanke hukunci. Shawarata ita ce ki fara da hoton buɗe shiri, inda ake ratsa garin daga sama, domin shi ne abin da aka fi maimaitawa. Ki tuna dai cewa an sake zana shi a zango na biyu, an kuma sake a Fabrairun 2009 lokacin da aka koma hoto mai faɗi, don haka ki zaɓi guda ki riƙe.

Hauwa'u ta rubuta:

'Yar'uwa Bilkisu, sannu da ƙoƙari. Malam Sa'idu ya yi bayani mai amfani game da asalin saɓanin, kuma na yarda da rabe-raben shaidun da ya kawo, amma ina da ja a kan inda ya kai maganar.

Damuwata da taswirar da aka shimfiɗa a kan tituna ita ce tana faɗin abin da ya fi ƙarfin shaidarta. Da zarar kin ajiye makaranta a nan, kin ajiye tashar nukiliya a can, kin ja titi a tsakaninsu, to kin faɗi nisa, kin faɗi kusurwa, kin faɗi abin da mai tafiya zai wuce a hanya, alhali shirin bai ba ki ko ɗaya daga cikin ukun ba. Mai dubawa kuma ba shi da hanyar gane inda kika gani da idonki da inda kika cike giɓi da tunaninki, domin tawada ɗaya ce ta zana duka. Na sha ganin mutane suna kafa hujja da waccan taswirar da Malam ya ambata kamar daga hannun masu shirin ta fito, har suna cewa wani sabon kashi ya yi kuskure domin ya saɓa mata. Wannan juya al'amari ne, domin taswirar ce ya kamata ta bi shirin.

Kuma rashin tabbas ɗin nan yana cikin ginin garin tun daga tushe. Matt Groening, wanda ya ƙirƙiri shirin, ya zaɓi sunan Springfield ne saboda garuruwa masu wannan suna suna da yawa a Amurka, ta yadda kowa zai iya ɗauka nasu ake nufi. A 2012 ya shaida wa mujallar Smithsonian cewa daga Springfield ta jihar Oregon ya samo sunan, kuma sunayen mutanen cikin shirin irin su Flanders da Lovejoy da Quimby duk na tituna ne a Portland inda ya tashi, amma shirin kansa ya ci gaba da ɓoye jihar da garin yake. A fim ɗin 2007 Flanders ya tsaya a kan dutse ya nuna jihohi huɗu da ya ce suna iyaka da garin, wato Ohio da Nevada da Maine da Kentucky, waɗanda duk mai duba taswirar Amurka ya san babu wurin da zai haɗa su. Garin da aka gina shi a kan wannan manufa, tilasta masa ma'auni da alamar arewa yana ɓata wani abu daga halinsa.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki duba taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta birnin Landan, wadda Harry Beck ya tsara aka fara raba ta a 1933. Beck ya lura cewa fasinjan da ke cikin rami ba ruwansa da ainihin nisan da ke tsakanin tashoshi, abin da yake so ya sani shi ne wace tasha ke bin wace, kuma a ina zai sauya layi. Don haka ya watsar da ma'auni ya riƙe alaƙa, kuma taswirar ta zama gaskiya a kan abin da ta yi alkawarin faɗa. Mai kallon katun ma kamar fasinjan nan yake: yana ganin gaban gida, sai a yanke, sai ya ga gaban makaranta, tsakiyar kuma duhu ce. Abin da kike da shi a littafinki jerin alaƙoƙi ne, cewa wannan yana jikin wancan, wancan yana kallon wannan, daga wannan taga ana hango hasumiyoyin tashar nukiliya. Ki zana wannan. Ki yi gungu-gungu na wuraren da aka tabbatar suna tare, ki haɗa gungun da layuka, ki bar tsakaninsu fari. Farin nan shi ne ɓangaren taswirar da na fi girmamawa, domin yana nuna mai zanen ya san iyakar abin da ya gani.

Ibrahim Ɗan Kwamfuta ya rubuta:

Yaya Bilkisu, ni ta wata fuska zan zo. Me zai hana ki dogara da wasannin kwamfuta da aka yi da izinin masu shirin? Wanda ya gina wasa ba shi da damar barin fari, domin ɗan wasa zai taka kowane lungu da ƙafarsa. Misali mafi kyau shi ne shirin katun na South Park. An fara shirin a 1997, amma waɗanda suka ƙirƙire shi, Trey Parker da Matt Stone, sun bayyana cewa ba su taɓa zama sun tsara inda kowane gini yake ba sai da ake haɗa wasan The Stick of Truth, wanda ya fito a 2014. A nan ne aka tsayar da jerin gidajen yaran a kan titi ɗaya, da gidan su Kenny, ɗaya daga cikin yaran, a ƙetaren layin dogo, da tafkin Stark, da makaranta, da titin shaguna. Wasan da ya biyo baya a 2017 ya riƙe kusan wannan tsarin, har ya nuna kangon unguwar zamani da aka gina a kewayen gidan su Kenny a zangon 2015. Yanzu mai zana taswirar wannan gari yana da tushe da zai tsaya a kai. Springfield ma tana da irin wannan, akwai Virtual Springfield na 1997, akwai Hit & Run na 2003 inda ake tuƙa mota a cikin garin.

Ta ɓangaren aiki kuma, ko wace hanya kika bi, ki yi amfani da manhaja irin Inkscape, wadda kyauta ce kuma tana ba da damar yin zane shimfiɗa-shimfiɗa, kamar an ɗora takardu masu shara-shara a kan juna. Ki sa kowane rukunin shaida a shimfiɗarsa, ta yadda za ki iya ɓoye wani ki bar wani ba tare da kin sake zane ba.

Malam Sa'idu ya sake rubutawa:

Ibrahim, shawararka ta shimfiɗu tana da kyau ƙwarai, amma batun wasanni yana buƙatar taka-tsantsan. Abin da ya ba taswirar South Park ƙarfi shi ne masu shirin da kansu suka zauna a kanta, kuma garin ƙaramin gari ne a tsaunukan Kolorado wanda tituna kaɗan suka isa su ɗauke shi. Ban da haka, da kwamfuta ake haɗa shirin cikin kwana shida, ana sake ɗauko gine-ginen da aka riga aka zana, don haka riƙe tsari ɗaya ya fi musu sauƙi. Hit & Run kuwa an gina shi ne don tsere. Matakansa bakwai suna gudana a yankuna uku da ba su haɗe da juna ba, kuma an lanƙwasa titunan kowane yanki su zama zobe domin mai tuƙi ya zagayo inda ya taso. Wannan buƙatar wasa ce, kuma nauyinta a wurina bai wuce na cocin da aka matsar don barkwanci ba.

Malama Hauwa'u, na karɓi gyaranki a kan cewa tawada ɗaya tana ɓoye bambanci tsakanin gani da zato, kuma wannan aibi ne na gaske a taswirorin da na yi a baya. Inda ban bi ki ba shi ne watsar da siffar gari gaba ɗaya. Mutane suna zana waɗannan taswirori ne domin sun daɗe suna ziyartar garin har suna jin sun san shi, suna son su ga rufin gidajen daga sama, su bi da yatsa daga gida zuwa makaranta. Zanen layuka da ɗigo ba zai kashe wannan ƙishirwa ba. Kuma ba duk shirye-shiryen ne suke da taurin kai irin na Springfield ba. A Bob's Burgers, wanda aka fara a 2011, titin Ocean Avenue a zaune yake: gidan abincin da iyalin ke kwana a samansa, gidan shirya jana'iza a jikinsa, gidan abincin Jimmy Pesto, abokin hamayyar Bob, a tsallaken titi, da wurin wasanni na Wonder Wharf a bakin ruwa. Shagon da ke ɗaya gefen ne kawai sunansa ke sauyawa a kowane buɗe shiri, kuma masu taswira sukan rubuta masa cewa na haya ne su wuce. A SpongeBob ma gidaje uku na titin Conch ba sa sauya jerinsu, na Squidward kullum yana tsakanin abarbar SpongeBob da dutsen Patrick, kuma gidan abinci na Krusty Krab yana kallon na Chum Bucket. Irin waɗannan ana iya zana su da siffarsu ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba. Har a Springfield akwai irin waɗannan tsibirai na tabbas, kuma sun cancanci a zana su da cikakkiyar siffa.

Wata dabara da ban ambata ba ita ce iyakance zamani. A kashi na 200, wanda aka nuna a Afrilun 1998, shara ta mamaye garin har aka ɗora gine-ginensa a kan manyan motoci aka matsar da shi mil biyar, kimanin kilomita takwas. Wannan ya ba mai taswira hujja daga cikin labarin kansa ta cewa tsarin da ke kafin ƙaurar daban yake da na bayanta.

Bilkisu Mai Zane ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karanta amsoshin sau da yawa, kuma ga abin da na tsayar.

Zan taƙaita aikin a kan garin kafin ƙaurar 1998, wato kashi ɗari biyu na farko, wanda hakan kaɗai ya fitar da cocin fim ɗin 2007 da batun Teksas daga lissafina. Zan zana gungu huɗu da cikakkiyar siffa kamar yadda Malam Sa'idu yake so: titin Evergreen Terrace, dandalin tsakiyar gari, kewayen mashayar Moe tare da shagon kayan kiɗa, da harabar tashar nukiliya. Tsakanin gungun zan bar farin da 'yar'uwa Hauwa'u ta nema, in haɗa su da layi mai kauri inda aka maimaita alaƙar, da layi mai ɗigo-ɗigo inda sau ɗaya aka gan ta, kowane layi da lambar kashin da na samo shi. Abubuwan barkwanci kuma ba zan zubar da su ba, Malam, domin a ganina filin ajiye motocin nan yana faɗin wani abu na gaskiya game da garin da babu titin da zai faɗa. Zan ba su shimfiɗa tasu da jan launi, kamar yadda ƙanena Ibrahim ya nuna, mai so ya buɗe, marar so ya rufe. Ma'auni da alamar arewa kuwa na cire su.

Abin da ya rage mini shi ne teku da kwazazzabo da tsaunuka, waɗanda ba sa shiga kowane gungu. A yanzu na jera su a gefen takardar cikin ƙananan akwatuna, kowanne da kibiya mai nuni zuwa waje, tare da Shelbyville, garin da ke maƙwabtaka da Springfield a shirin. Zan ɗora zanen farko na titin Evergreen Terrace a nan cikin mako mai zuwa, kuma ina roƙon Malam Sa'idu ya duba mini gidan da ke ɗaya gefen na iyalin Simpson, domin na sami mazauna daban-daban a cikinsa a shafukana, ban kuma yanke wanda zan rubuta ba tukuna.